Sunan Baba Ya Yi Nauyi

Anti Netwok mace ce mai ƙyanƙyami, sai kuma Allah Ya ɗora mata sana'ar taɓa abin da hannun kowa ya taɓa. Wani kamfanin awon filaye da zanen gine-gine take wa aiki, ita ke kula da kwamfutocinsu. Sunan ma ba don ƙauna aka laƙaba mata shi ba. Babu mai tunawa da ita sai abu ya tsaya, sannan ka ji ana ƙwala kira daga ƙarshen baranda, "Anti, netwok!" har kalmomin suka manne suka zame mata suna. A jakarta kullum akwai auduga da 'yar kwalbar sifirit. Kafin ta ɗora yatsa a kan kibod ɗin kowa sai ta goge shi tas, mai teburin yana tsaye yana kallo, in zai ji haushi ya ji. Ita ta san abin da idonta ya gane mata a tsakanin madannan nan: maiƙo, ɓawon gyaɗa, farcen da aka yanke, har da tsinken sakace.

A shagon mahaifinta ta ɗauko wannan hali. Mai gyaran agogo ne, irin mutanen da ba sa buɗe agogo sai sun shimfiɗa farin ƙyalle. Kowace 'yar ƙusa da murfin kwalbar da yake ajiye ta, kuma idan ya gama ya ga saura ɗaya a kan ƙyallen, sai ya sake kwance agogon daga farko. Ita ce babba a gidan, ita ke riƙe masa tocila. Da agogo ya daina kawo abinci, tsohon ya ƙi koyon gyaran waya, ya ce shi ba zai taɓa abin da ake mannawa da gam ba. Ita kuwa ta tafi ta karanta kwamfuta. Aikinta na farko a shagon intanet ne, inda rabin yininta ke ƙarewa a goge gumin ɗalibai daga kan tebura. Daga baya ta auri wani mai kantin magani, mutum mai sanyin hali da yawan zolaya, wanda ke gaya wa baƙi cewa matarsa sai ta wanke sabulu kafin ta wanke hannu da shi.

A ofis, abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ɗakin saba. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kamfanin gaba ɗaya, kuma ba ta son zafi, shi ya sa a duk ginin ɗakinta ne kaɗai esi mai sanyaya ɗaki ba ya mutuwa. To ma'aikata suka ga banza, suka mayar da shi firji. Kulolin abinci a jere a gindin na'ura, robobin ruwa, ragowar abincin jiya a leda, har wata ta taɓa ajiye ɗanyen kifin da ta sayo a hanya. Ta manna sanarwa a ƙofa, aka cire aka naɗe wani abu da ita. Ta sa kwaɗo, Manaja ya ce a ajiye makulli ɗaya a wurin mai karɓar baƙi saboda gobara, shi ke nan makullin ya zama na kowa. Duk safiya sai ta toshe hanci kafin ta shiga.

Tsarin da ke cikin sabar ba shi da wuyar ganewa. Kowane ma'aikaci yana da sunan shiga da lambar sirri. Sunayen an kasa su rukuni-rukuni: rukunin masu zane, na masu awo, na kowane aikin da kamfanin ya karɓa. Folda ba ta san mutum ba, rukuni ta sani. Idan kana cikin rukunin da aka yarje wa, ta buɗe maka. Idan ba ka ciki, ko kai ne surukin mai kamfani sai dai ka yi ta kallonta. Shugaban kowane sashe yana da ikon saka mutum a rukunin sashensa, amma sai Manaja ya sa hannu. Manajan kuwa, ɗan marigayi mai kamfanin, mutum ne mai jan takarda ba kaɗan ba: sai ya tambaye ka me za ka yi da foldar, wa ya aike ka, me ya sa sai yau, sannan ya ce ka dawo gobe.

Mutum ɗaya ne wannan doka ba ta hau kansa ba, shi ne Baba Taswira. Tare da marigayi suka buɗe kamfanin, tun ana zane da fensir a kan tebur mai gangare. Marigayin ya bar umarni cewa duk inda Baba yake son shiga a buɗe masa, ba sai da takarda ba. Dattijo ne siriri mai tsabta, kuma a duk ofishin kibod ɗinsa kaɗai Anti Netwok ba ta gogewa, don shi da kansa yake lulluɓe shi da hankici idan zai tashi. Da yatsa biyu yake bugawa, a hankali, amma bai taɓa kiranta don shirme ba. Shi ne ma kaɗai ke gaishe ta ranar da babu abin da ya lalace.

Wata safiya sai ga shi a ƙofar ɗakinta, yana murza hula a hannu.

"'Yata, foldar zane ta ƙi ni."

"Ta ƙi ka kamar yaya, Baba?"

"Na danna, ta ce ba ni da izini. Ni da nake shiga kullum. Tun shekaranjiya nake fama, na ji nauyin in dame ki."

Kafin ta miƙe, masinja ya leƙo ya ce Manaja na neman su duka biyun. A ofishinsa suka tarar da Mai Turare, shugaban sashen kwangiloli, wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki ya kuma daɗe bayan ya fita. Ita dai in ta shaƙi turaren nan a kan warin gumin da yake rufewa, sai ta kau da kai.

Manaja bai ko ce Baba ya zauna ba. Ya ce zanen rukunin shagunan da ake jira bai fita ba, masu aikin sun kira har sun gaji. Ya ce ba wannan ne na farko ba: kwanaki an goge fayil ɗin wani aiki, da aka duba sunan Baba ne, an aika wa wasu tsohon zane maimakon sabo, nan ma sunan Baba.

"Baba, ina ganin girmanka saboda mahaifina," in ji shi. "Amma kamfani ba gidan hutu ba ne. Idan kwamfuta ta fi ƙarfinka, faɗa mini, mu sallame ka cikin mutunci a ƙarshen wata."

Mai Turare ya yi 'yar dariya ya ce, "Yallaɓai, ai ba laifinsa ba ne. Idon ne da hannun. Wataƙila wani wurin yake dannawa."

Baba ya ci gaba da murza hularsa. Anti Netwok ta ce a ba ta yinin ta duba.

Ta zauna a kujerar Baba ta fara daga inda ake farawa. Wayar netwok a jone take. Sauran foldodin ma sun ƙi buɗewa, ba ta zane kaɗai ba. Ta duba izinin foldar, rukunin masu zane yana nan da cikakken iko. Ta duba rukunin, sunan Baba yana ciki, shi ne ma a sama. Ta nemi ko wani ya jefa shi a rukunin da aka haramta wa shiga, don hani yana danne izini duk inda suka haɗu, ba ta ga komai ba. Ta sa ya fita ya sake shiga, ta duba agogon kwamfutar ko ya saɓa da na saba, lafiya lau. Sai ta ƙirƙiri sunan gwaji, ta saka shi a rukunin masu zane kaɗai, ta shiga da shi a kwamfutar Baban. Folda ta buɗe nan take. Ta ja Baba zuwa kwamfutarta ta ce ya shiga da nasa sunan, folda ta ƙi. Ashe ba kwamfutar ba ce, ba foldar ba ce, ba kuma yatsun Baba ba ne. Sunan ne da kansa yake da ciwo.

Ta toshe hanci ta shiga ɗakin saba, ta ture wata kula da ƙafa, ta buɗe inda na'urar ke rubuta ƙorafinta. Nan ta ga saƙon da bai taɓa zuwar mata ba sai a karatu. Duk wanda ya shiga, saba tana ba shi wani ɗan tikiti mai ɗauke da sunayen duk rukunan da yake ciki, shi yake nuna wa kowace folda. Tikitin yana da iyakar abin da zai ɗauka. Na Baba ya cika ya tumbatsa, har folda ta kasa karanta shi, ita kuwa abin da ba ta karanta ba ba ta buɗe masa.

Ta buɗe rukunan Baba ta fara gangarawa. Ta gangara, ta gangara, abu ya ƙi ƙarewa. Rukunin kwangiloli. Rukunin sayayya. Rukunin ma'ajin kaya, na motoci, na takardun ma'aikata, na ayyukan da aka gama tun tana goyon 'yarta ta fari. Wasu rukunan ma a cikin wasu suke, kowanne ya jawo 'yan'uwansa. Me mai zanen taswira zai yi da foldar tayoyin mota? Na ƙarshen da aka ƙara, ranar da abin ya tsaya, na sashen kwangiloli ne, kuma Mai Turare ne ya saka shi.

Sai ta duba daga inda ake shiga da sunan. Babu kwamfutar da ba a shiga da sunan Baba ba a ofishin nan, in ka cire ta Manaja, da tata kafin gwajin ɗazu. Ranar da aka goge fayil ɗin da ake magana, daga teburin Mai Turare aka shiga. Makon da Baba yake kwance an yi masa aikin ido, sunansa bai huta ko yini ɗaya ba. Abin a fili yake. Wanda duk yake son folda kuma ba ya son tambayoyin Manaja, sai ya sa shugaban sashe ya jefa Baba a rukunin, tunda shi ba ya buƙatar takarda, sannan ya shiga da sunan Baba ya yi abin da zai yi. Sun mayar da dattijon jakin unguwa, kowa ya zo ya ɗora nasa buhun.

Wannan ma bai kai abin da ta gani a ƙasa ba. Tun daga shekaranjiya, ga layi-layi na ƙoƙarin buɗe folda da sunan Baba daga tebura daban-daban, duk an ƙi su. Wato ranar da ta ƙi Baba, ta ƙi su su ma. Kowannensu ya san ba idon Baba ba ne, ba hannunsa ba ne. Shi ya sa kwana biyun nan ofis ya yi tsit, kowa na latsa waya, babu mai ƙwala mata kira. Suna zaune suna jin ana cewa tsoho ya rikice, suka yi gum. Shi kuwa Mai Turare, wanda buhunsa ne ya karya jakin, har da bakin yin dariya a gaban Manaja. Ta yi tsaki mai ƙarfi, ta ji warin ɗakin ma ya fi mata sauƙi a kan na mutanen da ke waje.

Ta samu Baba shi kaɗai lokacin da aka fita cin abinci. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, wa ka ba lambar sirrinka?"

Ya ɗan yi murmushi, irin na wanda aka kama yana ba jika alewa. "Yaran nan ne. In sun matsu sukan zo."

"Su wa?"

"To, wa zan ce ban ba ba? Wannan na san ranar da aka ɗauke shi aiki, wancan ni na je nema masa aure. Mutum ya durƙusa ya ce Baba taimake ni, Manaja zai cinye ni, sai in ce masa a'a?"

Ta gaya masa duk abin da ta gani, ba ta rage ba. Ta ce yanzu za ta buga shi a takarda ta kai wa Manaja, kowa ya ɗauki kayansa.

Hannun Baba ya kama gefen tebur. "Kada ki yi, 'yata. Kin manta takardar da muka sa wa hannu bara? Wanda ya ba da lambarsa, kora ce, ba sallama. Su za a yi musu faɗa, ni za a nuna wa ƙofa a ce na ci amana. Kamfanin da na ɗauko tebur ɗinsa na farko a kaina. Gara a ce na tsufa da a ce na ci amana."

"Amma Baba, sun san gaskiya suka yi shiru!"

"Tsoro ne. Suna da iyali. Ke dai gyara mini in gama zanen mutane."

Ta gyara. Ta bi rukunan ɗaya bayan ɗaya tana cire shi, yana tsaye a bayanta yana karantawa. Da ta zo kan wani tsohon aiki sai ya ce, "Wannan kam nawa ne, asibitin nan ne da muka yi da marigayi." Ta ce an rufe aikin tuntuni. Ya ce to, cire. Ta bar masa na masu zane da 'yan kaɗan da yake aiki da su. Ta sa ya zaɓi sabuwar lamba ta kau da kai. Sannan ta yi wata dabara da ta ji daɗinta ƙwarai a lokacin: ta ɗaure sunan Baba da kwamfutarsa, ta yadda ko wa ya san lambar, ba zai shiga da ita daga wani tebur ba. Baba ya fita ya sake shiga, folda ta buɗe. Kafin a tashi zanen shagunan ya tafi. Da Manaja ya tambaye ta me ya faru, ta ce matsalar saba ce, ba ta Baba ba. Ya ce, "Uhm," yana kallon waya.

Da yamma tana yanka albasa ta ba mijinta labari, wuƙa na sara katako kamar shi ya yi mata laifi. Ya saurara yana jijjiga ƙaramin ɗansu a gwiwa.

"Maman yara, kin gyara na'ura," in ji shi. "Su kuma fa?"

"Su je su bi layi a ƙofar Manaja kamar kowa."

"Mutumin da ya saba shiga ta taga, kin rufe taga, kina ganin ƙofa zai nufa?"

"Sai ya fasa bango in gani."

Ya yi dariya ya ce Allah Ya sa, ya kuma roƙe ta ta bar wa katakon sauran rai.

Washegari kira ya dawo. Wannan ya ce netwok ba ya yi, wancan ya ce kwamfutarsa ta ƙi lamba. Ta bi su tebur-tebur da audugarta, tana tambayar kowa da murya mai daɗi, "Da wane suna ka shiga?" Sai mutum ya hau tari, ko ya ce bari kawai, ta yi yanzu. Babu ko ɗaya da ya kalle ta a ido, babu kuma ko ɗaya da ya je ya ba Baba haƙuri. Ta so ƙwace ikon saka mutane a rukuni daga hannun shugabannin sashe, amma wannan sai da sa hannun Manaja, shi kuma sai ya tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da Baba ya roƙe ta ta binne.

Ba a yi mako ba ta fito daga ɗakin saba da ledar wani ruɓaɓɓen abu a tsakanin yatsu biyu, za ta kai shara. Ƙamshin turare ne ya fara sanar da ita. Ta leƙa ɗakin zane. Mai Turare ne zaune daram a kujerar Baba, ya ture hankicin gefe, yana cin wani abu mai maiƙo da hannun hagu yana danna kibod da na dama. Baba yana tsaye a gefen teburinsa, hannuwa a baya, kamar ɗalibin da aka fitar gaban aji. A bakin ƙofa wata daga sashen sayayya tana jiran nata layin. Sun sake jefa shi a rukunansu, sun sake karɓar lambar, kuma tunda sunan ba ya aiki sai a wannan kwamfutar, sai suka zo suka tashe shi daga kujerarsa. Dabarar da ta yi don ta kare shi ita ce ta tsayar da shi a ƙafa.

Tana nan tsaye da ledar a hannu Manaja ya biyo ta barandar. Ya tsaya, ya dubi na zaune, ya dubi na tsaye.

"Me ke faruwa a nan?"

Mai Turare ko gezau. Ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Yallaɓai, ɗan taimaka wa Baba nake yi. Ka san abin sai a hankali."

"Kullum sai mun ɗan leƙo shi," in ji ta bakin ƙofa. "Ai uba ne."

Anti Netwok ta buɗe baki, maganar tana kan harshenta, kuma takardun suna cikin aljihun teburinta, don ta buga su duk da haka. Sai Baba ya ɗago ya dube ta. Kai kawai ya girgiza kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani. Ta haɗiye maganar. Manaja ya gyaɗa kai irin na wanda ya samu amsar da yake nema, ya wuce.

A ƙarshen wata aka yi wa Baba walimar sallama a ɗakin taro. Lemon da aka sha a ɗakin saba aka sanyaya shi. Mai Turare ne ya yi jawabi, ya ce Baba uba ne ga kowa, babu wanda bai ci arzikinsa ba a ofishin nan, aka yi tafi har da masu share hawaye. Wannan kam gaskiya ya faɗa, in ji ta a ranta, ta ajiye lemonta ba ta buɗe ba. Aka ba Baba agogon bango a kwali. Kallo ɗaya ta yi masa ta san irin wanda mahaifinta ba zai yarda ya buɗe ba ne.

Ta raka shi har bakin titi tana riƙe masa kwalin. Ya ce ta gaida maigida da yara. Ya ce kada ta riƙe kowa a zuciya, shi ya fita da sunansa, abin da yake so ke nan. Sai da ya shiga mota ya leƙo ta taga ya ce, "Hankicin nan na bar miki a kan kibod, in wani zai zauna a wurin." Ta ce to, Baba. Ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta goge ido da gefen mayafi, tana jin haushin kanta da na kowa.

Tana komawa ɗakinta ƙamshin ya biyo ta. Mai Turare ya jingina da ƙofa, yana sakace.

"Babbar yaya, wata 'yar alfarma. Sunan Baban nan, kada ki yi saurin rufe shi. Kwamfutarsa ma a bar ta a nan, tunda babu mai zama. Mun yi magana da sauran, kowa ya ce ke mai fahimta ce."

Ta dube shi tun daga takalmi har hula. Ta ce, "Matso ka gani."

Ya matso da fara'a. Ta buɗe rajistar ma'aikata, ta nemo sunan Baba Taswira, ta cire shi daga rukunan da suka sake loda masa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda zai karanta kowanne. Da ya rage babu komai a kansa, ta rufe sunan. Na'ura ta tambaya ko ta tabbata, ta ce ta tabbata.

"Haba Anti! To mu yanzu yaya za mu yi?"

"Ofishin Manaja yana nan inda ka san shi."

Ya fita yana ƙunƙuni. Ta je ɗakin zane ta ɗauko hankicin, ta ninke shi ta sa a jaka. Sannan ta ciro auduga da sifirit, ta zauna a kujerar Baba, ta fara goge kibod ɗinsa a karo na farko.